Kasuwa ta kwanta, masu karɓar haraji ba su kwanta ba

Tambaya daga wani mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole, Damagaram: "Ciniki ya ja baya, mutane ba kuɗi a hannunsu, amma ma'aikatan lanho ba su fasa zuwa ba, na meri ma haka. Ni dai na san in shekara ta yi wa maigida tsanani, cefane yake ragewa. Me ya hana gwamnati ta rage nata kashe-kashen ta ɗaga mana ƙafa? Wasu kuma na cewa a'a, lokacin wahala ne ya kamata ta ƙara kashewa don ta taimaki talaka. Wanne ne daidai? In kuwa kuɗin ne babu, me ya hana a buga?"

Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Bari in fara da misalinka na maigida, don a nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

In maigida ya rage cefane, abin da yake samu ba ya raguwa saboda ragin da ya yi. Albashinsa ko amfanin gonarsa na nan yadda yake. Gwamnati kuwa abin da ta kashe shi ne cinikin wani, daga cinikin nan kuma take dawowa ta yanki harajinta. Dubi garin nan. In ka cire malaman makaranta, ma'aikatan likita, sojoji, jandarmomi, ƴan sanda, ma'aikatan jami'a da ƴan kwangilar da ke jiran baitulmali, wa ya rage mai kuɗin wata tabbatacce? Ƴan matatar SORAZ da na ƙungiyoyin agaji, su kuwa ba su da yawa. Ranar da albashi ya sauka kai kanka ka sani ba sai an gaya maka ba. Malama ta ɗauki turmi biyu a wajenka, ta kai wa tela, tela ya biya mahauci, mahauci ya biya dillalin da ya kawo masa awaki daga Tanut. To in kowane gida ya tsuke bakin aljihu saboda tsoro, gwamnati ita ma ta tsuke nata a lokaci guda, wa zai saya? Ciniki ya ƙara faɗuwa, kuɗin duwan da na TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan saye, su ragu, giɓin da aka so a toshe ya dawo, wani lokaci ma ya fi na da. Wannan shi ne abin da masanin nan na Ingila, Keynes, ya yi ta faɗa a shekarun 1930, kuma Girka ta gwada shi a jikinta bayan 2010: an zaftare albashi da fansho, an ƙara haraji, arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, nauyin bashin da ke kanta in an auna da arzikin ya ƙaru maimakon ya ragu. A 2013 masanan FMI, asusun ba da lamuni na duniya, da kansu sun rubuta cewa sun raina ɓarnar da tsukewar za ta yi.

Har nan masu cewa a ƙara kashewa sun yi gaskiya. Sai dai littattafan da suke karantowa an rubuta su ne don irin ciwon Turai da Amurka, inda masana'antu ke tsaye, kaya na jibge, mai saye ne babu. Namu matsin yawanci ba daga nan yake tasowa ba. Ko damina ta ƙi, ko fara ta sauka, ko an rufe iyaka, ko naira ta faɗi Alhazan Kano sun daina ɗaukar shanu da raguna a Maigatari da farashin da. A irin wannan hali kayan ne da kansu suka yi ƙaranci. In gero ya yanke a Damargu ka zuba wa mutane kuɗi ba tare da ka kawo hatsi ba, tiya ce kawai za ta tashi, ribar ta tafi ga mai sito. Sannan kuɗin da aka zuba a garin nan ba ya daɗewa yana zagayawa. Shinkafa daga Asiya take, man girki da taliya daga waje, atamfar da ke shagonka ita ma ba a Damagaram aka saƙa ta ba. Jika goma in ta shigo, kafin ta wuce hannu uku rabinta ya tsallaka iyaka. Saboda haka kafin a ce a ƙara ko a rage, sai an fara tantance wane ciwo ne: rashin mai saye, ko rashin kayan. Shagonka na fama da na farko, ƙauyukan Miriya da Gure sau da yawa na biyun ne ke cin su, gwamnati ɗaya kuma ke da su duka.

Yanzu maganar bugawa. Nijar ba ta da injin kuɗi nata. Sefa ta ƙasashe takwas ce, babban bankinsu BCEAO yana Dakar, an kuma ɗaure ta da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656. A da bankin kan ranta wa kowace gwamnati har kashi 20 cikin ɗari na harajin da ta tara bara, amma tun farkon shekarun 2000 aka rufe wannan ƙofa. Fitar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan ba, har yanzu muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas ɗin nan, sefa muke kashewa. Akwai hujjoji masu ƙarfi ga masu son kuɗin kanmu, ba na raina su. Amma wanda ke ganin bugawa ce maganin talauci, ya tsaya wajen ƴan canji ya tambayi labarin naira. Gwamnatin Najeriya ta ci bashin sama da naira tiriliyan 22 kai tsaye daga babban bankinta, wanda kusan bugawa ce da wani suna. Da aka saki farashin naira a Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin watanni, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024. Ba bugawar kaɗai ta jawo haka ba, amma tana ciki dumu-dumu. Wanda ya biya kuwa shi ne mai ajiyar ƴan kuɗinsa a ƙarƙashin katifa da mai albashin da bai motsa ba. Haraji ne shi ma, sai dai ba a ba da rasit.

Saura rance da taimakon waje. Amurka in ta shiga matsi takan ci bashi da kuɗinta, na shekara 10 ko 30, duniya na rububin ba ta. Mu kuwa a kasuwar yankin muke nema, wajen bankunan Abijan, Dakar, Lome da na Yamai, da yawa na wata uku zuwa shekara uku, kuma ranar da ka fi buƙata ranar kuɗin ruwa ke tashi. Ƙa'idar UEMOA ma cewa ta yi giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, bashi kada ya wuce kashi 70, ko da yake an jingine ƙa'idar a 2020 saboda korona. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sai ƙofofin suka rufe baki ɗaya: an daskarar da asusun ƙasa a BCEAO, kasuwar rance ta rufe, masu ba da taimako suka dakata, Najeriya ta yanke wuta. A watan Oktoba aka sake kasafin shekarar, daga kusan sefa miliyar 3,291 zuwa 1,981, ragin kashi 40 cikin ɗari. Bashin da lokacinsa ya yi ba a biya ba ya haura miliyar 300 kafin a ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. A Afrilu aka karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin CNPC na China, da ruwa kashi 7, a biya da ɗanyen man da bai riga ya fita ba. Ka ga ashe ragin da kake tambaya an yi shi, babba ma kuwa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne a wuyan wa ya sauka.

Duk wanda ya taɓa zama kan takardun kasafi ya san jerin. Albashi ba a taɓa shi sai an rasa yadda za a yi, tsaro ba a maganarsa a halin da ake ciki a Diffa da Tilaberi, bashin waje in ka ƙi biya ka rufe wa kanka gobe. Wuƙa sai ta faɗa kan abin da ba ya ihu: hanyar da za a gyara, ajin da za a gina a maye gurbin na zana, rijiyar burtsatse, maganin rigakafin dabbobi, gyaran injinan ruwa. A garin da matsalar ruwa ta girmi yawancin mazaunansa, inda Gogo da Machaya, Arunguza da Ganaram duk ba su kashe ƙishin ba, jinkirta aikin ruwa shekara biyu ba tanadi ba ne. Matan Garin Malam da Kara-Kara ne ke biyan sa kullum a hannun ƴan ga-ruwa.

Akwai kuma wani ragin da ba a rubuta shi a kowace doka, kuma a ganina shi ya fi kowanne ɓarna, wato a karɓi aiki a ƙi biya. Ɗan kwangila ya gina aji, ko ya kai buhunan abinci makarantar kwana, takardarsa ta kwanta a baitulmali wata da watanni. Banki na lissafa masa ruwa, shi kuma ya riƙe kuɗin magina da na mai siminti, mai siminti ya riƙe na direba. Malamin kwantiragi ya yi wata biyu bai ga komai ba, ya ci bashi a kanti, mai kanti ya kasa sabunta kaya. A takarda giɓin gwamnati ya ragu, a zahiri ta ci bashi ne da ƙarfi daga hannun waɗanda ba su da halin ƙi, ba ruwa, ba ranar biya. Gobe in za a ba da wata kwangila, kowa sai ya ƙara farashi don ya san zai jira, gwamnatin ta dawo tana sayen abu da tsada. Dattawa sun ga ƙarshen wannan hanya. Da farashin uraniyum ya faɗi a farkon shekarun 1980 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki da FMI da Bankin Duniya, aka tsuke ɗaukar ma'aikata da kuɗin ɗalibai, har ta kai ga harbin ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990. A Janairun 1994, zamanin Mahamane Ousmane, aka karya darajar sefa da rabi. Shekarun nan ma'aikata sun bi gwamnati albashin watanni, yajin aiki ya zama abin yau da gobe, an yi shekarun karatu da suka tashi a banza. Yaran da suka rasa karatu a lokacin su ne magidantan yau, babu kasafin da ya mayar musu da shi.

Misali mafi kusa shi ne kula da lafiya kyauta. Tun 2006 doka ta ce yaro ƙasa da shekara 5 ba ya biya a likitar gwamnati, haka tiyatar haihuwa. Tsari ne mai kyau: likita ta yi aiki, ta aika takarda, gwamnati ta mayar mata da kuɗin. Da mayarwar ta riƙa makara, bashin ya taru shekara da shekaru, ɗakunan magani suka bushe. Uwa ta kawo yaro, ganin likita kyauta, amma a rubuta mata takarda ta je farmasi ta saya. A Agustan 2024 an sanar da rage kuɗin jinya da rabi a likitocin gwamnati da haihuwa kyauta. Alheri ne babba in ana cike wa likitocin gurbin abin da aka rage a kan lokaci. In ba a cikewa, labarin 2006 ne zai maimaita kansa.

To me ya sa ba a ɗaga muku ƙafa kan haraji? Domin abin da ake tarawa tun asali kaɗan ne. Harajin Nijar ya daɗe yana kai da kawowa a wajen kashi 10 cikin ɗari na arzikin shekara, alhali ma'aunin UEMOA kashi 20 ne, ga ƙasa mai faɗi wadda kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, kowace shekara dubban ɗaruruwan yara na isa shiga aji. Wani babban kaso na kuɗin kuma daga bakin iyaka yake zuwa, har da harajin kayan da ake shigowa da su don a wuce da su Najeriya. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 an ji a jika, haka da hanyar Kwatano ta toshe kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja, kafin su yi wata tafiyar kilomita wajen 900 daga Yamai zuwa nan. Idan duwan ta ragu, sai a matsa wa ma'aikatan lanho su cike, su kuma su nufi inda ya fi sauƙi. Kai shagonka a buɗe yake, lambarsa a rubuce, ba ka da lauya. Shi ya sa kake ganinsu.

Ba na cewa a daina karɓa. Seyni Kountché ya soke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970, mutane har yau suna sa masa albarka, amma ya yi ne lokacin da kuɗin uraniyum ke kwarara, ba lokacin da baitulmali ya bushe ba. Abin da nake cewa shi ne akwai harajin da bai kamata a taɓa ƙarawa ana cikin wahala ba, kuma mun riga mun biya kuɗin wannan darasi. Daminar 2004 ta zo da fari da fara. A Janairun 2005 dokar kasafi ta ɗora TVA ta kashi 19 kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta. A watan Maris ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya fito da jama'a, garuruwa suka mutu murus, Yamai, Maraɗi, Tawa, har nan Damagaram, a Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan ƙarin. Ministan kuɗi na lokacin ɗan garin nan ne, Ali Mahaman Lamine Zeine, wanda aka naɗa firaminista a Agustan 2023, don haka ba baƙon labarin ba ne a wajensa. A 2018 ma dokar kasafi ta sake fito da mutane kan titi. Dalilin a fili yake. Mai samun jika 30 a wata duka yake kashewa kan ci da sha, saboda haka harajin kaya na cin kowace dala tasa. Mai samun miliyan kuwa abin da yake kashewa kan abinci ɗan kaɗan ne cikin samunsa. Haka dala biyun da ake cira kan kiran waya da sayen intanet don asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023: sauƙin tarawa gare ta, kuma mutane da yawa sun bayar da zuciya ɗaya, amma mai sayen kati na dala ashirin ya fi mai sayen na jika biyar jin ta nesa ba kusa ba.

Inda kuɗin yake, ba a cika son zuwa ba. Na farko shi ne yafe haraji. Kowace shekara ana yafe wa kamfanonin ma'adinai da na mai, masu manyan kwangiloli, da masu lasisin zuba jari kuɗi mai yawan gaske, wani bisa yarjejeniyar shekaru, wani da takardar minista. Wannan ma tallafi ne, sai dai ba ya bi ta layin rabon shinkafa, shi ya sa ba a kiransa da sunan. Ka tuna ja-in-jar da aka yi da Areva, kamfanin uraniyum na Faransa, har zuwa 2014 kafin ta yarda a yi mata aiki da dokar ma'adinai ta 2006, wadda ke iya ɗaga kason ƙasa daga kashi 5.5 zuwa 12. Na biyu, manyan ƴan kasuwar da ke sauke tireloli amma a takarda suna cikin sahun ƙanana, ka san su na san su. Na uku, benaye da filayen birni da ke ƙara daraja kowace shekara, harajin gida kuwa ana tara shi sama-sama. Na huɗu ba haraji ba ne, yoyo ne: binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a 2020 ya yi maganar sama da miliyar 70 da suka salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan da ba a kawo ba. Shi ya sa dokar Fabrairun 2024 da ta fitar da sayayyar tsaro daga ƙa'idojin kwangila da na haraji ta dame ni. Na fahimci uzurin gaggawa da sirri, amma gwamnatin da ke roƙon talaka dala biyu ita ta fi kowa buƙatar a ga lissafinta.

Ga mai ƙaramin shago kuwa, abin da ya dace a shekarar matsi shi ne jinkiri da rarraba biya, da yafe tara, ba sokewa ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a shekarar yunwar nan ta zamanin Sayyidina Umar, shekara ta 18 bayan hijira, ya jinkirta karɓar zakkar dabbobi, da aka samu ruwa ya karɓi ta shekara biyu. Shagon da aka rufe saboda tara ba zai biya komai baɗi ba, yaran shagon kuma sun koma tasha.

Sai maganar taimakon talaka, inda nake ganin an fi yin asarar kuɗi da kyakkyawar niyya. Ɗauki man fetur. A Yulin 2024 an rage litar esansi daga sefa 550 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Kowa ya ji daɗi, ɗan kabu-kabu ya samu sauƙi na gaske. Amma lissafa: mai shan lita 3 a yini ya tsira da sefa 153, mai manyan motoci uku da janareta ya tsira da ninkin haka sau da yawa, manomin Dungas da ba shi da ko babur bai ga komai ba sai abin da ya ragu a kuɗin mota, in direba ya ga dama. Ga kuma abin da ya biyo baya. Tunda Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, man bumburutun da ke shigowa ta Magarya da Matamai ya ja baya, jama'a suka koma gidajen mai, matatar da ke tace ganga 20,000 a yini ta kasa ɗauka, a Maris 2025 muka ga layin da ba mu saba gani ba a garin da matatar ke bayan gidansa. Farashi mai rahusa ga kowa da kowa tsada gare shi, kuma mafi yawansa mai hali ke kwashewa.

Hana fitar da kaya shi ma haka. A Oktoban 2024 an hana fitar da hatsi da wake sai zuwa Mali da Burkina, a 2025 gab da babbar salla aka hana fitar da dabbobi. Baitulmali bai kashe ko dala ba, ɗan birni ya samu sauƙi. Amma wani ya biya: manomin waken Kance da makiyayin Tesker, waɗanda kasuwarsu ta gaskiya tana kudu. Ana iya kare matakin na ɗan lokaci in yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa, sai dai a san cewa an ɗauko daga aljihun ƙauye ne an sa a na birni, ƙauyen kuwa shi ya fi talauci.

Abin da ya fi aiki a ƙasar nan sananne ne, matsalarsa lokaci. OPVN, hukumar ajiyar hatsi ta ƙasa, ta sayi gero da dawa da kaka, tsakanin Oktoba da Disamba, sa'ad da farashi ke ƙasa kuma manomi ke neman mai saye, ta ajiye, ta fitar daga bazara zuwa tsakiyar damina a farashi mai rahusa, wanda aka daɗe ana yi jika 13 buhu mai kilo 100. In kuɗin sayen ya makara har Maris, gwamnati ta shiga kasuwa tana gasa da talakan da take son taimako, ita da kanta ta tada farashi. Ga waɗanda ko rahusar ba su iya saye, sai rabo kyauta, kuma 2005 ta nuna illar jan ƙafa a kan wannan, don an dage kan sayarwa har yara suka cika cibiyoyin tamowa a Maraɗi da Damagaram kafin a yarda a raba. Akwai tallafin kuɗi na wata-wata ga gidaje mafi rauni, wanda aka fara a 2011 da jika 10 har shekara biyu, aka ci gaba da shi a shirin Wadata Talaka, yawanci a hannun matan gida. Masu cewa yana sa lalaci ba su zauna da masu karɓa ba. Jika goma ba ta hana kowa noma, abin da take hanawa shi ne sayar da akuyar ƙarshe, ko cin bashin buhu ɗaya a biya biyu da kaka, ko maigida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani daidai lokacin noman farko. Rauninsa biyu ne: zaɓen waɗanda za a ba, inda son kai ke shiga, da kuma dogaro da kuɗin Bankin Duniya, wanda ke iya tsayawa daidai ranar da aka fi buƙatarsa, kamar yadda aka gani a 2023. Abin da ya kai wannan muhimmanci ya kamata ya samu layinsa a kasafin ƙasa, musamman yanzu da ɗanyen mai ya fara fita ta bututun Benin tun Mayun 2024. Ƙara da abincin makaranta, da dusa da ƙwayar auduga a farashi mai sauƙi ga makiyaya kafin dabbobi su rame.

Da za a tambaye ni, a shekarar matsi zan fara da biyan ƙananan basussukan cikin gida, na malaman kwantiragi, na likitoci, na ƴan kwangilar da ba su wuce miliyoyi kaɗan ba, domin babu kuɗin da ke isa Kasuwar Dole da sauri kamarsu, kuma haƙƙi ne ba kyauta ba. Zan killace kuɗin hatsin kaka. Zan dakatar da sabbin motocin ofis, tafiye-tafiye, bukukuwa da gine-ginen ƙawa, in bar aikin ruwa da gyaran hanya da ke ɗaukar leburori. Ba zan ƙara ko kashi ɗaya kan abinci ba, zan buɗe littafin yafe haraji a karanta shi a fili. Giɓin da ya rage a ci bashinsa, in dai an faɗi shekarar da za a rufe shi, kuma in mai ya yi tsada a ajiye wani abu maimakon a faɗaɗa hidima, abin da ba a yi ba zamanin uraniyum.

Kai kuma, Alhaji, ga abin da ke hannunka. Rarrabe masu zuwa wajenka: tikitin kasuwa da hayar shago na meri ne, harajin dunƙule na ƙananan ƴan kasuwa na ma'aikatar lanho ne, kowanne da inda ake kai kukansa. Harajin dunƙulen nan bisa ƙiyasin cinikinka ake yanka shi, don haka in ciniki ya faɗi ba ka da littafin shiga da fita, ƙiyasin shekarar da kasuwa ke ci za a ci gaba da yi maka. Sa yaronka ya riƙa rubutawa kullum, ka ajiye takardun sarin kaya. Kana da damar rubuta ƙorafi ga shugaban ofishin, ka nemi a sake duba matakin da aka sa ka, ko a rarraba maka biya, ko a yafe tara, ka kuma karɓi shaidar cewa takardarka ta shiga. In ka rufe wani shago, ka sanar a rubuce, in ba haka ba lissafi na ci gaba da hawa. Kada ka ba kowa ko dala ba rasit, don "a daidaita" ɗin nan baɗi ma sai an dawo, bashin kuma na nan da sunanka. Abin da ya shafi kasuwar gaba ɗaya kuwa, ku bi ta ƙungiyarku da reshen majalisar ƴan kasuwa na Damagaram, da alƙaluma a hannu: shago nawa aka rufe, nawa suka rage yara. Ku kai tun damina, don a lokacin ake haɗa dokar kasafin da za ta fara aiki ranar 1 ga Janairu.